Salad ɗin makaroni mai ɗanɗanon tako

Salad ɗin makaroni mai ɗanɗanon tako abinci ne na Amurka da ake ci da sanyinsa. Ana haɗa dafaffiyar makaroni da soyayyen niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshin tako, da wake, masara, tumatir da cuku, a cakuɗa su da mahaɗi mai kauri na mayonis da madara mai tsami, sannan a barbaɗa soyayyiyar tortiya, wato siririyar gurasar masara, a kai. An fi ganinsa a walimar karo-karo, wato taron da kowane gida ke zuwa da kwano ɗaya a haɗa a ci tare, kamar yadda maƙwabta ke yin ciyayya a ƙofar gida a ƙasar Hausa. Amurkawa na yin irin wannan taro a majami'u, ofisoshi da makarantu, da kuma ranakun hutu na lokacin zafi irin 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan ƙasar.

Asali

Sunan yana ruɗar mutane. Tako abincin Meziko ne: faifan gurasar masara ko alkama da ake kira tortiya, a zuba nama a ninke. Wannan salad kuwa ba daga Meziko ya fito ba. Ɗanɗanonsa na girkin Teks-Meks ne, wanda ya tsiro a jihar Texas, inda aka fi yawaita kumin (wani iri mai ƙamshi da ake sa wa a girki), niƙaƙƙen naman shanu da cuku mai ruwan ɗorawa fiye da yadda mutanen Meziko ke yi. Tun shekarun 1890 William Gebhardt ya fara sayar da haɗaɗɗen garin barkono a Texas. Glen Bell ya buɗe gidan abincin Taco Bell a Downey ta jihar Kalifoniya a 1962, tako ya bazu a sassan da ba su san shi ba, kamfanoni irin Old El Paso kuma suka cika kantuna da kayan ƙamshinsa a ƙananan ƙunshi. Doritos, soyayyiyar tortiya ta leda, ya shiga kasuwar ƙasar baki ɗaya a 1966, ɗanɗanonsa na tako ya biyo baya a 1967. Salad ɗin makaroni mai mayonis ya riga Taco Bell da Doritos zama a teburin Amurkawa tun farkon ƙarni na 20. Abin da masu girkin gida suka yi shi ne aurar da biyun, domin makaroni ta fi latas ɗin da aka saba yin salad da shi jure zama a tebur kuma ta fi ƙosarwa.

Kayan haɗi da awonsu

Awon da aka saba ya dogara ne da girman kayan kanti na Amurka. Makaroni kwali ɗaya giram 454 ne, nama ma haka, ƙunshin kayan ƙamshi kuma giram 28, wanda aka yi shi daidai wannan nama. Sai gwangwanin baƙin wake mai giram 425, wanda idan an tsiyaye ruwansa ya kai kofi ɗaya da rabi, masara mai zaƙi kofi ɗaya da rabi, tumatir kimanin giram 300, tattasai ɗaya, jar albasa rabi, cuku gurzajje giram 225, da tortiya soyayyiya cikin hannu biyu ko uku. Wannan ya ishi mutum 10 zuwa 12 idan akwai wasu kwanuka a teburin. Ledar makaroni ta giram 500 da ake sayarwa a Kano ko Yamai ba ta canza lissafin sosai, sai dai a ƙara mahaɗi da babban cokali biyu.

Siffar makaroni ba ado ba ce. Mai murɗaɗɗen jiki da mai kamar ƙoƙon dodon koɗi su suka fi, saboda lungunansu na riƙe nama da mahaɗi. Doguwar taliya ba ta yi: nama da wake sukan zame su taru a gindin kwano, wanda ya fara ɗiba ya tafi da taliya zalla.

Kayan ƙamshin ana iya haɗa su a gida, amma a nan ne ake yawan yin ɓarna. Abin da littattafan girkin Amurka ke kira garin barkono haɗi ne mai sauƙin yaji, na busasshen barkono marar zafi da kumin da tafarnuwa da ganyen ƙamshi na oregano. Wanda ya karanta babban cokali ɗaya ya ɗebo dakakken barkonon gida ya zuba, ya yi abincin da ba mai iya kai loma ta biyu. Madadin da ya fi kusa shi ne garin busasshen tattasai babban cokali ɗaya, kumin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin tafarnuwa da na albasa rabi-rabi, oregano rabi, gishiri ɗaya, dakakken barkono kwata, sai garin sitacin masara ƙaramin cokali ɗaya don ya kama jikin nama. Kumin shi ne ƙashin bayan ɗanɗanon. Idan babu shi, abin da aka yi makaroni ce da nama kawai. Kada kuma a ɗauke shi da habbatus sauda, iri ne daban.

Yadda ake yinsa

Duk wahalar wannan girki daga abu ɗaya take: ɗanɗano ne na abinci mai zafi da ake so a ci da sanyi. Sanyi na daskarar da kitse, yana taurara makaroni, yana kuma rage wa harshe jin gishiri da ƙamshi. Kusan kowane mataki dabara ce ta magance ɗaya daga cikin ukun.

Ana fara da nama, domin ya samu lokacin hucewa. A zaɓi marar kitse sosai, a zuba a kasko mai faɗi da ya riga ya yi zafi, a bar shi minti biyu ba a taɓa ba har ƙasansa ya yi ja, sannan a farfasa da cokalin katako. Cikin minti 8 zuwa 10 zai dahu. Hukumar noma ta Amurka ta ce niƙaƙƙen nama ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan a karkata kaskon a kwashe man da ya fito gaba ɗaya. Kitsen shanu yana daskarewa tun kafin ya shiga firji, kuma idan aka bar shi, zai zama fararen ɗigo a jikin makaroni ya riƙa mannewa a dasashi. Bayan an kwashe ne ake zuba kayan ƙamshi (a rage ƙaramin cokali biyu don mahaɗi) da ruwa mililita 160, a bar shi ya ɓararraka minti biyar har ruwan ya kusa ƙafewa. Idan aka zuba kayan ƙamshi kafin a tsiyaye mai, rabinsu zai tafi da man. A baza naman a faranti mai faɗi ya huce.

Makaroni ana dafa ta a ruwa lita 4 da gishiri babban cokali ɗaya da rabi. A abinci mai zafi akan sauke ta da ɗan taurinta, amma a nan sai a ƙara mata minti ɗaya a kan abin da aka rubuta a jikin leda, domin sitacinta na ƙara tauri idan ya yi sanyi, abin da ya yi daidai a tukunya sai ya koma kamar roba bayan awa uku a firji. Kada dai ta kai ga caɓewa. A juye a matsami, a ɗauraye da ruwan sanyi har zafin ya fita. Wannan yana tsayar da dahuwa yana kuma wanke sitacin da ke sa ta dunƙule. A bar ta ta tsane sosai, ko da minti goma ne, saboda ruwan da ya ɓoye a lungunanta shi ke tsinka mahaɗi.

Mahaɗin yana da gidaje biyu. Mai kauri shi ne madara mai tsami kofi ɗaya, mayonis rabin kofi, miyar tumatir ɗanya ta Meziko da ake kira salsa rabin kofi, ruwan lemun tsami babban cokali biyu, da ƙaramin cokali biyu na kayan ƙamshin da aka rage. Wasu na sa farin mahaɗin kanti da ake kira ranch, wanda Steve Henson ya fara sayarwa a gonarsa ta Hidden Valley a Kalifoniya a shekarun 1950. Ɗaya gidan kuma jan mahaɗi ne mai zaƙi irin Catalina na kamfanin Kraft, na mai da ruwan tsami da sukari da tumatir. Shi ya fi jure rana, sai dai zaƙinsa kan danne kumin. Kindirmo mai kauri marar sukari na iya maye gurbin madara mai tsami, idan an ɗaure shi a tsaftataccen ƙyalle ya ɗiga na awa ɗaya. Yogot na leda mai zaƙi ba ya yi ko kaɗan.

Ba a zuba mahaɗin duka lokaci ɗaya. A cakuɗa kashi biyu cikin uku da makaroni, nama, wake, masara, tattasai da albasa, a rufe a sa a firji aƙalla awa ɗaya. Makaroni za ta shanye mafi yawansa, wanda ya buɗe kwanon zai ga kamar ba a sa komai ba. Sauran kashi ɗayan ana zuba shi dab da ci, a ɗanɗana, a gyara gishiri da lemun tsami a lokacin, tunda da sanyinsa za a ci. Cuku yana shiga bayan nama ya huce sarai, in ba haka ba ya narke ya yi curi-curi.

Tumatir manya a cire 'ya'yan da ruwan cikin kafin a yanka. Albasa idan ta cika ƙarfi a jiƙa yankakkiyar a ruwan sanyi minti goma. Waken gwangwani a wanke shi har ruwan ya yi haske, don baƙin ruwansa na mayar da farin mahaɗi ruwan toka. Farin wakenmu na gida yana yi, muddin an sauke shi kafin ya fashe.

Tortiya, latas da fiya su ne 'yan ƙarshe. Tortiya ba ta kai rabin awa a cikin mahaɗi sai ta yi laushi, don haka gogaggun masu zuwa karo-karo kan tafi da ita a ledarta, su murmushe a kai bayan an ajiye kwano, ko su bar ta a gefe kowa ya barbaɗa wa kansa. Fiya kan yi baƙi idan iska ta taɓa ta, sai a yanka a wurin a matsa mata lemun tsami.

Ajiya da lafiyar abinci

Ƙa'idar hukumomin Amurka ita ce ƙwayoyin cuta na saurin hayayyafa tsakanin digiri 4 da 60. Abinci irin wannan kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. A Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, ƙa'idar awa ɗaya ce ke aiki a yawancin ranakun bazara. Jama'a kan ɗora wa mayonis laifi idan ciki ya ɓaci, alhali na kanti yana da tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. Haɗarin ya fi yawa a nama da wake da ita kanta makaroni, wadda ƙwayar Bacillus cereus ke iya yaɗuwa a cikinta kamar yadda take yi a kwananniyar shinkafa, kuma dafin da take fitarwa mai sa amai ba ya mutuwa da ɗumame.

Ana ɗaukar salad ɗin a kula mai ƙanƙara, a wurin taro kuma a ɗora kwanon a cikin wani babba da aka cika da ƙanƙara, a riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan maimakon a ajiye duka a tebur. A firjin da wuta ba ta yankewa yana kwana 3 zuwa 4 a rufe. Ba a daskarar da shi, domin mahaɗin kan tsinke ya rabu da ruwansa, tumatir kuma ya saki jiki. Wanda zai yi tun jajibiri ya ajiye nama, makaroni da mahaɗi kowanne a mazubinsa, ya shafa wa makaronin mai ƙaramin cokali biyu don kada ta manne, ya haɗa da safe.