Auren zumunci: ba Musulunci ne ya kawo shi ba

An daɗe ana cewa Musulunci ne ya kawo auren zumunci, Kiristanci kuma ya haramta shi tun asali. Ba haka abin yake ba.

Musulunci halatta shi ya yi, bai wajabta ba. Buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 23, ka bi sunayen matan da aka haramta ɗaya bayan ɗaya: babu 'yar baffa, babu 'yar kawu. Haka ma a Baibul, Littafin Firistoci, sura 18. A Farawa 29 kuwa, 'ya'yan kawunsa Yakubu ya aura.

Hanin daga baya ya zo, a cocin Turai, har ya kai mataki na 7 na dangantaka, kafin a mayar da shi 4 a 1215.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa.