Kwana huɗu bai runtsa ba, kuma bai gaji ba

A goman ƙarshe na azumin bara wata uwa daga Sharar Mansur a nan Makka ta kawo ɗanta mustausaf ɗinmu, wato ƙaramin asibitin da nake aiki, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Tun daga ƙofa yake magana, bai bar kowa ya sa baki ba. Daga shagon turaren da zai buɗe kusa da Harami ya tsallaka zuwa auren da zai yi bayan Sallah, daga nan sai mafarkin da aka nuna masa cewa shi zai gyara al'umma. Uwar ta jawo ni gefe, ta ce, "'Yar nan, kwanansa huɗu bai runtsa ba. Da fari har murna na yi, na ɗauka himmar ibada ce." Kuɗin da ya shekara yana tarawa don sabunta iƙama kuwa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya rabar da su a ƙofar masallaci cikin dare ɗaya.

Wannan ciwo likitocin nan suna ce masa hawas, Turawa kuma maniya. Yawanci ɓangare ne na ciwon da ake kira baifola, mai kai mutum sama can ƙololuwar zumuɗi, wani lokacin kuma ya jefa shi cikin baƙin ciki har ya kasa tashi daga shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke ɗauke da shi a 2019. Ya fi bayyana a ƙuruciya, yana kuma bin jini a wasu gidaje.

Alamar da nake so kowace uwa da kowane abokin ɗaki su riƙe ita ce barci. Mai rashin barci na yau da kullum yakan tashi a gajiye, ido jajur. Mai hawas kuwa awa biyu ta ishe shi, ya miƙe garau kamar an sa masa sabon batir. Idan aka haɗa wannan da zuba ba birki, ɓarin kuɗi, saurin fushi in an ce masa a'a, da ganin kansa wani babba, har abin ya kai mako guda, to maganar likita ce. In ya fara jin muryoyi ko ya zama haɗari ga kansa, ba a jiran makon.

A Makka da Jidda kowa ya san yadda Ramadan ke juya mana dare ya koma rana: tarawihi, tahajjudi, kasuwa har sahur. Mai lafiya yana ramawa bayan Sallah. Wanda ciwon ke kwance a jikinsa, wannan karyewar barcin kaɗai na iya tayar masa da shi. Haka haihuwa ga mata, haka miyagun ƙwayoyi irin su kaftagon.

Na san abin da akan fara cewa a gida: aljanu ne, ko sammu, ko baki. Ni ban taɓa hana kowa ruƙiya ba, a yi addu'a. Abin da ke min ciwo shi ne a ɗaure yaro a ɗaki wata biyu ana hayaƙi, alhali akwai magani tun 1949, lokacin da wani likita a Ostireliya, John Cade, ya gano amfanin litiyam ga wannan ciwo.

Litiyam ɗin na da sharaɗi, musamman a zafin ƙasar nan. In jiki ya bushe, maganin yakan taru a jini ya zama guba: rawar hannu mai tsanani, amai, gudawa, tangaɗi. Shi ya sa ake gwajin jini a kai a kai, kuma ba a haɗa shi da ibuprofen da ka. Mai shan sa ya ga likita tun Sha'aban, a tsara yadda zai yi da azumi. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita, domin balfurowet, wani maganin ciwon, yana cutar da jariri.

In ciwon ya tashi, kada a tsaya musu da shi kan shagon turare, ba za a ci riba ba. A rage hayaniya, a karɓe makullin mota da katin banki cikin lalama, a kira 937 na Ma'aikatar Lafiya don shawara, ko 997 in ana buƙatar motar asibiti.

Saurayin nan ya yi sati uku a asibiti. Bayan Sallah uwar ta dawo karɓar masa magani, na tambaye ta jikinsa. Ta ce yana barci har sai an tashe shi sallar asuba, sai dai kunyar fita unguwa yake ji saboda abubuwan da ya faɗa wa mutane.