Kalmar "hour" a Ingilishi

"Hour" kalma ce ta Ingilishi mai nufin tsawon lokaci na minti 60, wato sakan 3,600, ko kashi ɗaya cikin 24 na dare da yini. Ita ce Hausa ta ara ta mayar "awa", wadda yanzu take aiki tare da "sa'a" da aka samo daga Larabci.

Asali

Shi kansa Ingilishi aro ya yi. Kalmar ta shigo masa ne wajen ƙarni na 13 daga Faransancin da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka kawo Ingila bayan sun ci ƙasar a 1066. Faransanci ya gaje ta daga "hora" ta Latin, Latin kuma daga Girkanci, inda take nufin kowane yanki na lokaci, har da lokutan shekara irin su bazara da hunturu. Kafin zuwanta Ingilishi na da "tid" da "stund". Ta farkon ce ta koma "tide", hawa da saukar ruwan teku.

A da awa ba ta da tsawo guda. Romawa sukan kasa yini kashi 12 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, saboda haka awar bazara ta fi ta hunturu tsawo. Sai da agogon inji ya yaɗu a biranen Turai a ƙarni na 14 awoyi suka daidaita. Kasa awa kashi 60 kuwa gado ne daga lissafin mutanen Babila.

Furuci

Ana rubuta "h" amma ba a furta ta, kamar a "honest" da "heir". Don haka furucinta ɗaya ne da "our", kuma "an hour" ake cewa, ba "a hour" ba. Bahaushen da ya ce "awa" ya fi kusa da furucin Ingila a kan ɗalibin da ke dagewa sai ya fitar da "h" don ya gan ta a takarda.

Amfani na yau da kullum

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. "Hour" tana auna tsawon lokaci ne, "o'clock" kuma tana nuna inda hannun agogo yake. Bambancin nan yana nan daram a Hausa: "two hours" awa biyu ce, "two o'clock" kuwa ƙarfe biyu. Wanda ya ce zai iso "in two hours" yana nufin nan da awa biyu, ko da ƙarfe nawa ne a lokacin. Abin sha'awa, "clock" ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin ƙararrawa, kamar yadda "ƙarfe" ta Hausa take tuna wa mutum ƙarfen da ake bugawa don sanar da lokaci. Sojoji ne suka fita daban: sukan ce "fourteen hundred hours" suna nufin ƙarfe biyu na rana.

Idan aka yi jam'i, ma'anar takan koma lokacin da aka keɓe wa wani aiki. "Office hours" lokacin aikin ofis ne, "visiting hours" lokacin dubiya a asibiti, "after hours" bayan an tashi. "For hours" kuwa sau da yawa kambamawa ce kawai, irin ta mai cewa ya yini yana jira. A ma'auni tana fitowa a gudun mota, kilomita kaza a awa, da kuma lissafin wutar lantarki, kuma a nan akan taƙaita ta da "h".

Akwai maganganun da ba awa ɗaya cur suke nufi ba. "Rush hour", lokacin cunkoson zuwa aiki da tashi, yakan kai awa biyu ko uku. "Small hours" tsakar dare ce zuwa gabanin asuba, daga ƙarfe ɗaya zuwa wajen huɗu, an kira su ƙanana saboda ƙanƙantar lambobinsu. "At the eleventh hour" na nufin a ƙurarren lokaci. Tushenta wani misali ne a Linjilar Matta, sura ta 20, na ma'aikatan gonar inabi da aka ɗauka a awa ta goma sha ɗaya ta yini, wajen ƙarfe biyar na yamma ke nan, aka biya su daidai da waɗanda suka kama aiki tun da sassafe.