Oba-oba a gida: idan layin waya ya ɗauke, yaya za ku ji juna?

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Waya na hannu, caji cike, amma ba halin jin muryar iyaye. Tun lokacin magidanta ke yin waɗannan tambayoyi.

Oba-oba na buƙatar sabis?

A'a. Ba ruwanta da kati ko turken kamfanin waya. Ka danna maɓallin gefe ka yi magana, ka saki ka saurara. Sharaɗin kawai ku kasance kan mita ɗaya, wato tasha ɗaya.

Nisan nawa take kaiwa?

Nan ne masu sayarwa ke cika baki. Ta hannu, irin Baofeng UV-5R, ƙarfinta wajen wat 5 ne, kuma zangonta miƙe yake tafiya kamar hasken tocila: gini da tudu na tare shi. A cikin gari kilomita kaɗan ne. Daga Runjin Sambo zuwa Mabera a birnin Sakkwato ma sai an gwada. Hawa saman bene ya fi ƙara murya amfani, dogon eriya kuma ya fi sabuwar rediyo.

To wanda iyayensa ke Wurno ko Boɗinga fa?

Sai da rifita. Na'ura ce da ake ɗorawa kan hasumiya, ta karɓi maganarka a mita ɗaya ta sake watsa ta nan take a wata, da ƙarfi. A zangon masu sha'awar rediyo na megahaz 144 zuwa 146, tazarar mitocin biyu kan zama kilohaz 600, wasu rifitocin kuma ba sa buɗewa sai ka saita sautin shiga, wani sauti na musamman da rediyonka ke aika musu. Tsayinta ne sirrinta, shi ke kai magana gomman kilomita. Amma ita ma wuta take ci, don haka a garinmu in ba sola da batir, ranar buƙata za ta yi shiru. Kafin ka kashe kuɗi, ka tabbatar akwai wadda ke kaiwa inda kake so.

Kowa na iya saye ya fara magana?

Saye daban, izini daban. Zangon masu sha'awar rediyon nan na masu lasisin gwamnatin tarayya ne, kuma duk wanda zai yi magana sai da nasa, da lambar kira mai farawa da 5N. Na mai gida bai wadatar da uwargida ba. Wannan na fi jaddadawa: a halin da muke ciki, a tsayar da kai a shingen bincike da oba-oba ba takarda, bayani zai yi maka wuya.

Akwai sirri?

Babu. Duk mai rediyo a kan mitar yana ji. Kada a ambaci kuɗi, ko hanyar da za a bi, ko cewa gida ba namiji.

Me za mu tsara tun yanzu?

Ku rubuta mitar a takarda ku manna a bayan kowace rediyo. Ku tsayar da lokaci, misali bayan La'asar da bayan Isha'i, kowa ya kunna na minti 10 don batir ya jima. Kada a bar ta cikin mota a zafin Afrilu. Duk Juma'a a gwada, har Inna ta saba da sakin maɓallin idan ta gama magana.