Jingar Dam Ɗinku, A Duba Ta Tun Da Rani

Jama'a, manoma da makiyaya, ƙaramin dam ɗin nan da ke bayan gari shi ne mashayar dabbobinmu daga kaka har faɗuwar damina, kuma shi ake rugawa da bokiti idan wuta ta kama rumbu ko tarin harawa a hunturu. Amma duk ƙarfinsa a jingar ƙasa yake, ita kuwa jinga ba a cika waiwayarta ba sai ta ɓalle.

Abin da ya fi cin ta kofato ne. Garke ya bi ta kanta safe da yamma, ciyawa ta mutu, ƙasa ta saki, ruwan farko ya zo ya tsaga kwari. Don haka a yi mata shingen ƙaya, a ware mashaya gefe guda, a zuba tsakuwa a wurin. A dasa kiri-kiri ko jema a jikinta, ban da itace, domin saiwa idan ta ruɓe hanya take bar wa ruwa. Ramin gafiya da gidan gara ma haka: a tone, a cike da yumɓu, a daddaɓe. Wanda ya ga ruwa mai launin ƙasa yana tsattsafowa ta bayan jinga, ya gaya wa mai unguwa ran nan, don ƙasar ciki ce ke fita. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, shi da injiniyoyi suka gina.

Mafitar rarar ruwa kuma a bar ta a buɗe. Wasu kan toshe ta da buhunan yashi wai don ruwa ya ƙaru. Ganganci ne, ranar da aka yi mamako ta saman jinga zai bi.

Game da gobara, mai unguwa da arɗo su kafa sanda a cikin ruwa. In ya ja baya ya kai alamar, masu injin ban ruwa su dakata. A bar hanya ɗaya da amalanke ko motar kashe gobara za ta iya isa baki.

Ruwan nan dai ba na wanka ba ne. Katantanwar cikinsa ke yaɗa tsargiya, wata kuma ciwon hanta ga shanu da tumaki. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani. In an matsu sai an sha, a tace a tafasa.

Yashe laka kuwa, a sa ranar gayya a watan Afrilu, lokacin da ruwa ya fi janyewa.