Me ake nufi da "ci gaban ɗan Adam"?

Idan aka ce tattalin arzikin ƙasa ya haɓaka da kashi kaza, GDP ɗinta ake nufi, wato jimillar kuɗin kaya da ayyukan da aka samar a shekara. Toh amma wannan lissafin ba ruwansa da wa ya amfana, ko mace ta haihu lafiya, ko jaririn ya kai shekara 5 a raye. Shi kansa Simon Kuznets da ya tsara wa Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa, tun 1934 ya ja kunne cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga wannan adadin.

Ci gaban ɗan Adam shi ne yalwar abin da mutum zai iya yi da rayuwarsa, ya daɗe cikin lafiya, ya yi karatu, ya zaɓi sana'ar da yake so, ya samu lokacin iyalinsa. Mahbub ul Haq ɗan Pakistan da Amartya Sen ɗan Indiya ne suka tsaya a kai, har hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam da ake kira HDI a 1990, mai haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga.

Kar fa a ɗauka haɓakar arzikin ba ta da amfani, wallahi tana da shi, don sai ƙasa ta samu za ta iya biyan likita da malami ta jawo ruwa mai tsafta, kuma sai iyaye sun ɗan samu sarari sannan yaro zai zauna a aji maimakon fita neman kuɗi. Maganar dai ina aka kai kuɗin. Costa Rica ta rushe rundunar sojanta a 1948 ta mayar da hankali kan asibiti da makaranta, yau mutanenta na kaiwa kusan shekara 80, ba su gaza Amurkawa ba duk da Amurka ta fi su kuɗi nesa ba kusa ba. Equatorial Guinea kuwa man fetur ya cika mata aljihu tun shekarun 1990, amma tsawon rai can bai wuce 60 da 'yan kai ba, gaskiya abin yana min ciwo.

HDI ɗin ma bai auna 'yanci ko tsaro ko mutunci, kuma matsakaicin lissafi yakan ɓoye talaka a bayan mai kuɗi, shi ya sa a 2010 aka ƙara wani ma'aunin da ke rage wa ƙasa maki gwargwadon rashin daidaiton da ke cikinta.