Zanen fentin mai a fili, da komawa kan tsohon aiki

Me ya sa mai zane zai bar ɗaki ya ɗauki kayansa ya shiga rana?

Saboda haske. Launin da ido ke gani a kan gona da hantsi daban yake da na la'asar, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe shi daidai. Da ka koma ɗaki sai ka yi ganye kore shar, alhali a waje akwai rawaya a jikinsa, akwai toka, har da shuɗi-shuɗi a inuwa. John Constable na Ingila ya gane haka: a 1821 da 1822 ya riƙa fita tudun Hampstead yana zana gajimare zalla, a bayan takardar kuma ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda iska ke kaɗawa.

Tun yaushe abin ya zama ruwan dare?

A da, cikin mafitsarar alade ake ƙulle fentin mai, a huda a matso, saura kuma ya yi ta bushewa. A 1841 wani Ba'amurke mai zanen fuskoki, John Goffe Rand, ya yi rajistar bututun kuza da ake matsewa, irin na man goge baki. Wannan ɗan abu ya sauƙaƙa fita matuƙa. Masu zanen ƙauyen Barbizon a Faransa suka yi ta shiga dajin Fontainebleau, Charles-François Daubigny har kwalekwale ya mayar ɗakin aiki a 1857. Claude Monet, mai zane Bafaranshe, ya bi sahu. A zanen da ya yi a bakin tekun Trouville a 1870, har yau ana ganin ƙwayoyin yashi maƙale a cikin fentin.

To a wajen ake gama aikin kenan?

Ba kullum ba. Cikin awa biyu inuwa ta riga ta sauya wuri, kuma wanda ya ce zai bi ta yana gyara ba zai gama ba. Monet kan fita da kyallayen zane da yawa, in haske ya juya sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Haka ya yi da tarin damman hatsi a 1890 da 1891, haka da majami'ar Rouen daga 1892, wadda ya zana fiye da sau 30. Amma a ɗakin aikinsa na ƙauyen Giverny, inda yake zaune, ya ƙarasa su. Na kogin Thames da ya fara a Landan a 1899 ma sai 1904 aka baje su.

Fentin mai yana ba da damar komawa kan tsohon zane?

Yana bayarwa, amma da sharaɗi. Shi ba kamar ruwa yake ƙafewa ba, iska yake sha a hankali har ya taurare; sama kan bushe cikin kwanaki, ciki kuwa sai watanni. Shi ya sa ake jiran wata shida zuwa shekara kafin a shafa man sheƙi. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kowane shafi na sama ya fi na ƙasa mai, in ba haka ba na saman ya riga bushewa ya tsattsage. Kafin a koma kan tsohon zane ana share ƙura tukuna, in an riga an sa man sheƙi a cire shi. Wani abin lura kuma: fentin mai yana ƙara zama garai-garai da tsufa, don haka bishiyar da ka rufe yau tana iya leƙowa bayan shekaru.

Ya dace a taɓa shi, ko a bar shi?

Manya ma sun sha fama da wannan. Ana ba da labarin Pierre Bonnard yana shiga gidan adana zane da ɗan fenti a aljihu, ya gyara aikinsa da ke rataye in mai gadi ya kau da ido. Ni dai ina bambanta abu biyu. Babban zanen da aka gina a ɗaki, a koma masa ko sau goma ne. Amma ƙaramin da aka yi a fili cikin awa ɗaya, ina roƙon a ƙyale shi. Darajarsa ita ce hasken wannan safiya, kuma kai da ke zaune a ɗaki bayan shekara uku ba ka da shi a gabanka. Tunani kawai za ka ɗora a kan abin da ido ya shaida. In kuskurensa na damun ka, jingine shi a bango, ka ɗauko sabon kyalle ka yi wani daga gare shi, a bayan tsohon kuma ka rubuta wuri da rana in har kana tunawa.